Anti, Yaya Kika Yi Wainar Nan?

Shekarata biyu da tarewa a Unguwar Dosa aka yi suna a gidan da ke kallon namu, aka fito da wata waina da har yau ban daina tunaninta ba. Fara sol, bakinta ya ɗan yi ja, in ka ɓara ta sai ka ga cikinta kamar saƙar zuma. Ba tsami, ba mai yana tsiyaya. Na ci uku a tsaye, na ƙulle huɗu a leda da sunan yara, alhali lokacin ɗana ɗaya ne, ko haƙori bai fitar ba. Da taro ya watse na bi matar gidan har ƙofar kicin, na yi tambayar da ta jawo mini wahalar shekaru: "Don Allah Anti, yaya kika yi wainar nan?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ai ba wuya." Duk wadda ta fara miki da "ai ba wuya", to ki nemi kujera ki zauna.

Ita ce ta farko a cikin mutanen da na sani ta sanadin waina, Anti Mai Sirri. Ba ta taɓa hana ki ba, Allah ya sani. Da fara'a za ta lissafa miki: ki jiƙa shinkafar tuwo, ki dafa kaɗan ki haɗa da ɗanyar, a kai markaɗe, ki sa yis da sukari da albasa, ki rufe ya tashi. Na je na yi, ta fito kamar faifan roba. Na koma, ta ce, "Au, ban ce miki ki sa nono ba?" Na sa nono, ta yi tsamin da ya sa maigidan ya runtse ido ɗaya. Na sake komawa, ta ce, "Ke kuwa wa yake sa nono bai kashe shi da ruwan kanwa ba?" Kowane zuwa da sabon sinadari, kamar mai biyan bashi da kaɗan-kaɗan. Irinta suna da yawa, kuma sukan fi ƙwarewa idan mai tambayar kishiya ce ko facala. A nan ne gishiri kan koma cokali uku a baki, alhali ɗaya ne a tukunya.

Da na gaji sai na hau Keke Napep na nufi Tudun Wada wurin gwaggon maigidana, wadda ta shekara arba'in tana girkin biki. Na tafi da littafi da biro, kuskurena na farko ke nan.

"Gwaggo, shinkafa nawa zan jiƙa?"

"Daidai bakinku."

"Yis fa?"

"Ɗan kaɗan."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Kar dai ya yi yawa."

"To ruwan fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, ba ki da ido ne?"

Wannan ita ce Gwaggo Daidai-Misali. Ma'auninta tafin hannunta, kuma ba ta ba da aronsa. Ranar na yi dabara, ta ɗebo gishiri za ta watsa sai na tara cokali don in ga yawansa. Ta janye hannu kamar na taɓa ta da wuta, ta ce, "A gidanku da sikeli ake tuƙa tuwo?" Na daɗe ina jin haushinta kafin na gane ba rowa take yi ba. Sabuwar shinkafa da tsohuwa ba shan ruwansu ɗaya ba. Wata kanwar ƙwaya ɗaya ta isa, wata sai kin ninka. Ƙullun da zai tashi cikin awa uku a zafin Afrilu, idan hunturu ya kankama a Janairu sai ya kwana yana kallonki. Duk wannan hannunta ya sani, bakinta ne bai san yadda zai faɗa ba. Amma dai littafina na dawo da shi babu abin da ke ciki sai kalma biyu: daidai misali.

Kishiyar Gwaggo a wannan fage ita ce 'Yar Sikeli, wata ƙawata a Malali da ta yi kwas ɗin girki na wata shida, tun daga nan ta daina cewa "cokali", sai ta ce ƙarami ko babba, a shafe ko a tule. Ba ta rasa kallon Akushi da Rufi a Arewa24, tana kallo tana gyara wa mai gabatarwa. Ta rubuto mini waina a takarda kamar likita: shinkafa giram 500, yis giram kaza, a rufe minti 90 a wuri mai ɗumi. Na ɗauki takardar na shiga Kasuwar Sheikh Gumi na ce wa mai shinkafa ya ba ni giram 500. Ya ajiye mudu ya ce, "Hajiya, layin 'yan gwal yana can gaba." A garin da ake auna hatsi da mudu, a auna wake da gwangwanin madara, a sayar da tumatir kashi-kashi ko a robar fenti, giram baƙo ne. Kuma duk lissafinta a kan wuta yake. Ranar da ta zo gwada mini da hannunta, ta jona bilenda, ya yi kukan daƙiƙa biyar aka ɗauke. Muka ɗauki bokiti muka bi layin mai injin markaɗe kamar kowa, tana tafe tana duba agogo tana cewa ƙullun ya riga ya lalace a ilmance.

Sai kuma masu yawan, 'Yan Garinmu. Nan Kaduna ta fi ko'ina arzikinsu, kuma da dalili. Garin nan Turawa suka ɗora shi a bakin kogi, suka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, sai jirgin ƙasa da barikin soja da aikin gwamnati suka yi ta kwaso mutane daga kowane lardi. Shi ya sa in kika tona kowa a Kawo ko Unguwar Rimi ko Badarawa, za ki tarar kakarsa a wani gari aka yanke mata cibi, kuma a can ne kawai aka iya girki. Ki yi kuskuren ambaton waina a gidan biki ki ga. 'Yar Bauchi za ta fara da gyara miki suna: masa ake cewa, kuma abin da ake soyawa a Kaduna ba masa ba ne, haƙuri ne. 'Yar Maiduguri za ta ce ku bar wahalar da kanku ku yi sinasir. Bakanuwa za ta karkatar da zancen zuwa gurasa bandashe. Bazazzagiya ba ta shiga musun, tana jiran a ambaci fate ta miƙe tsaye, don a wurinta duk faten da ba a sa masa yakuwa da gauta yadda ake yi a Zariya ba kunu ne ya yi kauri. A wani biki da na yi wannan kuskuren, wata maƙwabciyarmu daga Kudancin Kaduna ta saurare su duka ta ce ita dai tausayinmu take ji, mutanen da ke zuba tsaki a tukunya alhali Allah ya halicci acca. Na fito daga bikin nan da hanyoyin yin waina guda biyar, kowace tana haramta abin da ɗayar ta wajabta.

Akwai Mai Dogon Zango, wadda ba zan daɗe a kanta ba don ita ta riga ta daɗe. "Ki jiƙa shinkafarki tun dare, kamar yadda na yi ranar da za a kawo lefen ƙanwata, wadda mijin ya zo ya yi mata kishiya, kin san shi ai..." La'asar za ta yi, an saki mutum biyu, an yi sulhu ɗaya, shinkafa tana nan a jiƙe.

Likitar Tukunya kuwa ba ta ba ki girki sai da gargaɗi. Man gyaɗa na toshe jijiya, sukari guba ne, farin magi kuwa da shi ake wanke tukunya a wata ƙasa da ba ta taɓa faɗin sunanta ba. Zogale yana maganin komai, daga hawan jini zuwa baƙin halin miji. Babban yaƙinta da dunƙulen magi ne. Za ta tuna miki cewa abin nan daga Suwizalan ya samo asali, sunan wani Bature ne ma, Julius Maggi, kuma kakanninmu da daddawar kalwa suka yi miyar kuka suka shekara casa'in da haƙoransu. A nan kam ba ta yi ƙarya ba, miyar kukar da ba daddawa marainiya ce. Sai dai wata rana na shiga kicin ɗinta neman ashana, na buɗe wani gwangwani a bayan robar gero, na tarar da dunƙule cike fal. Na mayar da murfin a hankali. Ba mu taɓa yin zancen ba.

Wadda nake cire wa hula ita ce Uwar Dabara. Ba ta da girkin da ya fara da "ki samu", nata duk da "in babu" suke farawa. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, ita ce ta koya wa layinmu miyar tattasai da albasa zalla, da busasshen tumatir da ake jiƙawa a ruwan zafi. Da cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba a 2023 ta yi tsada, ta ce a ƙara kanumfari da masoro a kunu, ba mai ganewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa ta zama kamar malamar makaranta, mata na sallama a gidanta da safe da tambaya guda: "Maman yara, yau kuma me za a dafa?" Ta san Bakin Dogo da sassafe ya fi sauƙi, ta san ranar Talata a Kasuwar Kawo sai rana ta yi sanyi masu kayan gwari ke sassautawa. Karas a miyar dage-dage, awara a madadin nama, kan kifi busasshe ya ba da ƙamshi a tukunya uku. Tuwon jiya ya zama ɗumame, ɗumamen da ya ragu a shanya shi. Aibinta ɗaya: ba ta san inda dabara ke tsayawa ba. Da na kai mata kukan waina, ta ce in babu shinkafa masara ma tana yi, in babu yis a bar shi ya kwana biyu, in babu tanda a zuba a kasko, in babu mai a shafa kaɗan da tsinke. Na ce, "To ai wannan ba waina ba ce." Ta ce, "Yaran za su tambaye ki sunanta ne?"

Kada maza su ɗauka sun tsira. Kowane gida da Malam Komai-Ma. Da safe ki ce, "Baban yara, me za a dafa?" ya ce, "Komai ma," yana neman makullin mashin. Da dare ki ajiye komai ma ɗin, ya buɗe kula ya ce, "Yau ma shinkafa?" Shi ma yana da girkin da yake bayarwa, guda ɗaya tak, kuma ba shi da sinadari ko ɗaya: "Irin wanda Hajiya take yi." In kin matsa ya yi bayani, sai ya ce yana da wani ɗanɗano haka. Sau ɗaya a shekara, yawanci washegarin Babbar Sallah, yakan shiga kicin ya yi farfesun kayan ciki, ya ɓata tukunya huɗu, ya ƙarar da attarugun mako guda, sannan ya shekara yana ba abokansa labarin sirrin farfesu a majalisa.

Gaskiya ta sa in ambaci ta ƙarshe, don na san ta ciki da waje. Ita ce wadda za a ba ta girki tiryan-tiryan, ta je gida ta ga ba shinkafar tuwo sai ta zuba ta dafawa, ta ga yis ɗin ya shekara a kabad ta ce ai bai mutu ba, ta gaji da jira ta fara suya ƙullu bai tashi ba, ta cika wa tanda wuta don ana kiran magariba. In abin ya fito baƙi a waje ɗanye a ciki, sai ta yafa mayafi ta tsallaka titi ta ce an ɓoye mata wani abu. Sau uku na yi haka.

Yau shekara tara ke nan. Wainata ta kai a ci, ba ta kai a ƙulle a leda ba. A azumin bara, ana saura kwana biyu Sallah, na fito da asuba zan kai shara bakin layi sai na ci karo da autar Anti Mai Sirri, ta rungumo wata ƙatuwar kula, tana jiran Keke. Na ce, "Ke kuwa ina zuwa da duhun nan?"

Ta ce, "Hayin Banki. Umma ta ce in kai kula da kuɗi tun yau, kar layi ya yi yawa."

"Layin me?"

Yarinyar ta dube ni kamar na tambaye ta sunan garin. "Wurin mai wainar da take yi mana mana. Tun kafin a haife ni a can muke saye."