Allah Ya Saka Wa Mai Gatari

Dole a jinjina wa masu gidajen Tamale na yanzu, daga Zango har Lamashegu. Sun gano abin da ya shige wa kakanninmu duhu: ashe bishiya ƙazanta ce. Darbejiyar tsakar gida, banda zubar da ganye da tara tsofaffi masu hira, me ta taɓa tsinanawa? An sare ta, an malale wurin da siminti, an girke kwantena a ƙofar gida. Madalla.

Shi kuwa siminti ɗan amana ne. A watan Maris, lokacin da zafi ke taɓa digiri 40, yakan karɓi ajiyar rana tun hantsi, bayan isha'i ya mayar wa masu gida kayansu cif, ko ƙwandala bai ci ba. Kwanon da aka rufa babu silin yana taya shi daga sama. Ɗakin ƙasa mai jinka irin na Dagomba bai san wannan aiki ba; sanyi kawai ya iya, sai ka ce a ƙauye.

Tagogi ma an gyara su. An cire masu fale-falen gilashin nan da ake ɗagawa iska ta ratsa ɗaki, an sa na turawa, mai baƙin gilashi, wanda rabi kaɗai yake buɗuwa. Daidai ne. Iskar da ba a biya kuɗinta ba ai bai kamata ta shiga gidan mutunci ba sallama ba. Ga fanka nan, ga firji a gurbin randa. In dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya kawo ziyara, ruwan leda ya yi ɗumi, Hajiya ta huta da hura wuta don wankan jariri.

A falo kujeru sun cinye ko'ina, ba masakar tabarma. Shi ya sa da dare ake naɗe ta a tafi gindin mangwaron maƙwabci, wani bawan Allah da wayewa ba ta iso gidansa ba tukuna. Ana nan ana yi masa nasiha.

Duk wannan ni'ima, hayar shekara 2 kacal ake nema a dunƙule, ko da yake dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kada a wuce wata 6. Mai gidan ya ce tayil ɗin da ya shimfiɗa ba tsintarsa ya yi ba.