Wasiƙa Daga Mokola: Fanken Auta, Ba Ƙwai Ba Madara

Sabo, Mokola, Ibadan.

Zuwa ga Yaya Babba, a Tsibirin Gobir.

Ƙanwarki da aure ya kai Kurmi tana gaishe ki, tana gaida Inna, tana kuma gaida jajayen awakin Inna, waɗanda maganarsu na nan tafe. Kowa lafiya lau. Maigida yana can bakin titi cikin 'yan canji, yana mayar da sefa naira, naira dala, da yamma ya dawo gida da ciwon kai.

Maganar Auta ce ta sa aka ɗauki alƙalami. Likita a asibitin koyarwa na UCH, wanda aka buɗe a 1957 nan kusa da Mokola, ya gama bincikensa ya yanke hukunci: jikin yaron ba ya shiri da ƙwai, ba ya shiri da madarar shanu. Ashe su ke tayar masa da borin jini da kumburin leɓe. Ya ce yara da yawa sukan rabu da wannan lalura idan suka ƙara girma, amma kafin nan a kiyaye, kuma kada wata ta ce za ta gwada shi a gida ta gani ko ya warke.

Ki dubi ikon Allah, Yaya. A rasa inda za a haifi yaron da ba ya cin ƙwai sai nan Badun, cibiyar kajin gidan gona, inda ake lodin 'yan tsaki daga unguwar Oluyole zuwa Kano da Katsina. Kamfanin Fan Milk, mai kekunan nan da ke busa ƙaho a ƙofar makarantu, a nan Eleyele masana'antarsa take tun shekarun 1960. Mai shayin Sabo kuwa, idan aka ce ya haɗa ba madara, biredin ma ba wainar ƙwai, kallon mai neman bashi yake yi wa mutum.

A roƙi Inna, cikin ladabi, ta ajiye shawarar nonon akuya. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen ƙetare, wannan ba a musu, amma likita ya ce sinadarin gina jiki da ke nononta ɗan'uwan na saniya ne, kuma yawancin yaran da nonon saniya ke tayar wa da bori, na akuya ma ba zai ƙyale su ba. Man shanu ya fita daga gidan, Milo ya bi shi, haka duk botar da aka sa wa madara. Ƙanwarki da ta yi bokonta da Faransanci yau ga ta a kanti, ta ƙanƙance ido tana haɗa baƙin Ingilishi a bayan gwangwani, mai kanti na jira.

Rigimar ta tashi ne a kan abincin tara. Uwayen ajin su Auta suna yayin wani ƙaramin fanke na Turawa, falle-falle, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba, ana jera wa yara a roba. Duka da ƙwai da madara ake kwaɓa shi. Auta ya gani, ya dawo gida ya shiga yajin aiki: ba ƙosai, ba ɗanwake, sai irin na 'yan ajinsu.

To ga yadda aka kashe wutar, ki karanta wa matan gida. Ana samun ayaba 1 wadda ta nuna luguf, irin wadda bawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi har mai talla ta fara rage kuɗi, a dame ta da cokali. Ita ce ke riƙe ƙullun, aikin da ƙwai ya saba yi, ga shi ta zo da zaƙinta, sukari sai in an ga dama. A zuba fulawa kofi 1, bekin hoda ƙaramin cokali 2, ɗan gishiri, mai babban cokali 1, sai ruwan ayar da aka jiƙa aka niƙa aka tace, kofi 1 ba kaɗan. Bekin hodar ce ke kumbura shi, domin da ta jiƙa ta ji wuta sai ta saki iska a cikin ƙullun. A gauraya sama-sama a tsaya. Wannan ba ƙullun ƙosai ba ne da ake bugawa har kafaɗa ta sage. Fulawar alkama in ta sha bugu danƙo take yi, fanken ya fito da tauri. A bar shi ya huta minti 10. Wuta kuwa ƙasa-ƙasa, saboda zaƙin ayaba saurin ƙonewa gare shi. A riƙa zubawa cokali guda-guda, idan saman ya yi 'yan ƙofofi ya daina sheƙi, a juya. Mai so ya ɗiga zuma, amma ban da jaririn da bai shekara ba, likitoci sun hana.

Madarar waken suya ma tana yi, ga ta ko'ina a garin nan, tunda cibiyar binciken noma ta IITA, wadda aka kafa a Badun a 1967, ta daɗe tana tallata waken. Sai dai wasu yaran da ba sa shiri da madarar shanu, ta suyar ma takan taɓa su, shi ya sa aka tsaya ga aya. Ita ma ta gida, domin wasu masu kunun ayar sayarwa sukan ƙara madarar gari don ya yi kauri.

Maƙwabciyar ƙanwarki Bayarabiya ce, kin kuwa san tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗan'uwansa. Iya ta ɗanɗana, ta juya shi ciki da bai, ta tambayi inda barkono ya shiga. Da ta ji babu sai ta yi wa yaron jaje. Ta ce su tun kaka da kakanni suke soya mosa da agadar da ta nuna ta wuce misali, don haka baiwarta Bagobira satar fasaha ta yi. An tuna mata wace ce uwar ɗaki a cikinsu. Ba ta yarda ba, amma ta tafi da biyar a gefen zane.

Abin da ya fi ba ƙanwarki dariya shi ne da ta zauna ta dubi fanken da kyau: ƙanin masa ne ya sa kwat. Tun 1916 da aka kafa Sabo don fataken goro da shanu ake toya masa a unguwar nan. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna cikin mutanen Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kansu a 1969, ya kuma lura da yadda matan kulle ke sana'ar abinci daga cikin gida, yara na kai talla ga baƙi da gwauraye. Masar shinkafa ba ta taɓa neman ƙwai ba: jiƙo, niƙa, yis, a bari ta tashi, ɗan ruwan kanwa ya kashe tsami, sai tanda. Ta gero da kuke yi a Tsibiri ma haka. Abin lura ɗaya ne, wasu masu masa na zuba nono a ƙullu, saboda haka sai an tambaya kafin a saya wa yaro irin Auta. An kai masa masar a roba ya ce ta tsofaffi ce. Da aka yi masa 'yan ƙanana aka jera su layi-layi, ya cinye bai tambayi sunanta ba.

Yanzu ga saƙo. Ƙasar Maraɗi ce gidan aya a Nijar, a nan kuwa sai ta sha hanya ta sha riba kafin ta iso kasuwar Bodija. Don Allah a auno mai kyau, busasshiya, tiya 5. A haɗo da tandar ƙasa mai ƙananan gurabe, domin a kaskon suya wani fanken kan fi wani girma, yara kuma alƙalai ne a kan wannan. A naɗe ta da tsumma sosai, a ba direbobin da ke bi ta Ɗan Isa da Jibiya, a ja musu kunne kada a ɗora mata buhun albasa. Kuɗin mota maigida zai biya, da sefa ko da naira, wadda ta fi arha ranar.

Taki, ƙanwarki ta Mokola.