Wai Bazazzagi ne amintaccen matafiyi

Bawana na Bronx, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa. Labari ya iso Kano: wai ka cika takarda kana neman gwamnatin Amurka ta sa sunanka cikin amintattun matafiya, waɗanda ba a wahalar da su da bincike a filin jirgi. Kai ɗin! Mutumin da ko cajar waya aka ara masa sai an haɗa da dattawan unguwa kafin ta dawo. To, Allah ya sanya alheri. Su Amurkawa ba su san ka ba, mu kuma ba za mu tona ba, sai dai in an tambaye mu.

Na yaba maka abu ɗaya, Malam Sarkin Lissafi. Tsari biyu ne a gabanka. Akwai TSA PreCheck, na hukumar da aka kafa bayan harin 11 ga Satumba 2001 don binciken fasinjoji, wanda ke ba ka gajeren layi in za ka tashi daga filayen jirgin Amurka, kuɗinsa bai kai dala 90 ba na shekara biyar. Akwai kuma Global Entry, na hukumar kwastan da tsaron iyaka, wanda ke sauƙaƙa maka shiga ƙasar in ka dawo daga waje. Shi dala 120 ne tun Oktoban 2024, da can 100, amma yana haɗe da na farkon a ciki. Da ka ji kalmar "haɗe" sai kunnenka ya miƙe. Ku ne kullum kuke cewa Kanawa sun cika son kuɗi, ga shi Bazazzagi ya kwana yana raba 120 gida biyar, ya samu dala 24 a shekara, har ya kira uwargida ta shaida. Da ka nemi shawarata tun kafin wancan Oktoban da ka tsira da dala 20, kuɗin fate na wata guda.

Sai batun cika takardar. Suna son adireshin duk inda ka zauna cikin shekara biyar, da wuraren da ka yi aiki, da ƙasashen da ka taka. An ce a nan gumi ya karyo maka, don ka sauya gida ya fi a ƙirga, kullum wai maƙwabta ne ba su da kirki. In sun ga dama su ba ka amincewar wucin gadi, sannan ka nemi ranar ganawa, wadda a wasu biranen sai an yi watanni ana jira. Akwai hanyar yin ganawar a filin jirgi lokacin da ka sauka daga ƙasar waje, amma kar ka bi ta nan, don na san yadda kake kama bayan awa goma sha a sama: ido ja, hula a karkace. Jami'i zai ɗauki hotonka da zanen yatsunka, ya yi maka 'yan tambayoyi. Don Allah ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. In ya ce me ya kai ka Nijeriya, ka ce ziyarar dangi. Kar ka fara masa tarihin Sarauniya Amina da ganuwar Zariya, ba ɗalibinka ba ne a Samaru. Kuma ka sani kuɗin nan ba ya dawowa in an ƙi ka. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka natsu.

Kafin na manta, sunanka. In an amince da kai za a ba ka lamba, wadda dole ka riƙa sawa duk lokacin da ka sayi tikiti, kuma dole sunan tikitin ya zo daidai da na takardarka harafi da harafi. Kai kuwa fasfo ya ce Mohammed, lasisin tuƙi ya ce Muhammad, Facebook ya ce Mamman Ɗan Gayu. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, in ba haka ba ka biya kuɗi ka koma layin talakawa.

Yanzu ga inda dariya ta kusa kashe ni. Mun san abin da ya kai ka neman wannan gata, ba sauri ba ne, don ba ka taɓa zuwa ɗaurin aure kafin a shafa fatiha ba. Safa ce. Tun da wani ɗan Ingila, Richard Reid, ya ɓoye abin fashewa a takalminsa cikin jirgin Paris zuwa Miami a Disambar 2001, aka sa wa takalma ido, daga 2006 kuma aka wajabta wa kowa cirewa. Shekaru kana tsayawa gaban jama'a babban yatsa na leƙowa ta huji kamar ɓera a bakin rami. Ka yi ta haƙuri, ka yi ta tara kuɗi. Sai da ka yanke shawarar biya, a Yulin 2025 sakatariyar tsaron cikin gida, Kristi Noem, ta fito ta ce an soke dokar cire takalmi ga kowa da kowa, kyauta. Wayyo Bazazzagi! Amma kar ka yi kuka, akwai saura: ba ka kwance bel, ba ka fito da kwamfuta daga jaka, 'yan kwalaben turarenka na mililita 100 su ma suna zamansu a ciki. Sai dai babbar rigar nan taka mai aska takwas, ban yi maka alkawari a kanta ba. Kuma ko mai lamba, wata rana na'ura kan zaɓe shi a lalube shi tsaf. In ta zaɓe ka, ta yi basira.

Na kuma ji kai kaɗai ka nema. Yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa suna iya bin ubansu ta gajeren layin, amma matar aure sai da tata lambar. Wato shirinka ka wuce cikin minti goma kana kaɗa carbi, Hajiya na can baya da jakunkuna uku. Ka je ka zauna a bakin ƙofar jirgi kana jiran ta, saurin ya tashi a banza, ga kuma shari'ar da za a yi a gida. Biya mata, mai rowa.

Babbar jarrabawar ma ba a ofis take ba, tana cikin akwatinka ranar da ka dawo daga gida. Na san abin da ke ƙarƙashin shaddodin nan: kilishi a naɗe cikin takarda, dambun nama a robar man shafawa, wai dabara. Amurka ta hana shigo da irin wannan naman, kuma suna da 'yan karnuka masu dogon kunne a wurin ɗaukar kaya waɗanda aikinsu ke nan, shinshina abinci. Hancinsu ya fi na Bazazzagi a gidan biki. Doka ta ce duk abin ci da ka ɗauko ka faɗa, kuka ce, kuɓewa ce, daddawa ce, jami'i ya duba ya ce wannan ya wuce, wannan a zubar. Wanda ya faɗa, iyakarsa a karɓe. Wanda ya ɓoye aka gano, ga tara, ga kuma ƙwace amincin da ya saya. A 2018 wata mata da ta taso daga Paris ta sa tuffa guda ɗaya da aka ba ta a cikin jirgi a jaka, ba ta faɗa ba, aka ci ta tarar dala 500, Global Entry ɗinta ma ya tafi. Tuffa fa, wadda ba ta da ƙamshin ƙuli da yaji. Ina ga kilishin da tun daga Legas fasinjan kujerar baya ke haɗiyar yawu?

Don haka ga taimakon da zan yi maka saboda zumunci, ba don halinka ba. In ka zo hutun Sallah, ka sayi kilishinka kamar yadda ka saba, mai yawa, na wurin mutumin nan mai tsada. Ranar komawa ni zan raka ka filin jirgin Malam Aminu Kano da kaina, ka miƙo min ƙunshin a mota, in adana maka shi inda kare ba zai taɓa jin ƙamshinsa ba. In kana da ja, shafin nan a buɗe yake mako mai zuwa, ka rubuto. A taimaka a duba maka rubutun kafin ka aiko.