Tunda Dai Kina Zaune

Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce idan ma'aikaci ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki, ya ajiye ya koma gida ya huta. Wanda ya tsara ƙa'idar nan bai taɓa zama a unguwa irin tamu ba. A nan, ranar da mace ta kwashe takardunta daga ofis, ranar lokacinta yake komawa na jama'a, ballantana a ji ƙarar keken ɗinki na fitowa ta tagarta.

Ni abin da na nufa da ɗakin nan bai taka kara ya karya ba. Autana ya yi aure ya tashi, na fitar da katifarsa da matattun cajojinsa, na sa aka jawo mini tsohon kekena Butterfly da ya zo cikin kayan ɗakina, na ɗiga masa mai, na sauya bel. Burina in riƙa haɗa ƙyallayen atamfa, in shimfiɗa auduga a tsakiya, in bi da ɗinki, in sami 'yan barguna kafin hunturu ya kama. Don nishaɗi kawai. Ni ba tela ba ce. Na faɗa a gidan suna, na faɗa a Islamiyya, na faɗa har a zaman makoki. Ba wanda ya ji.

Shugabar waɗanda ba su ji ba ita ce Tunda-Kina-Zaune. Ba ta taɓa shigowa da maganar ɗinki a bakinta ba. Doguwar gaisuwa take yi, ta tambayi maigida da jikoki da ciwon gwiwa, sannan ta sassauta murya: "Hajiya, an kuwa biya ku na wannan watan? Garatutin har yanzu shiru? Allah ya bi muku haƙƙinku." Sai na saki jiki na fara ba ta labarin layin tantance 'yan fansho, sai in ga gefen hijabinta na motsi. Leda ce. Tun shigowarta tana maƙale a hammata.

"Af, na ma tuna. Ɗan zif ne ya ɓalle. Na ce tunda dai kina zaune."

Zif ɗin nan kuwa allura ce mai tono garma. Kafin in gama juya siket ɗin za ta gaya mini ya ɗan matse, kuma ba ita ta ƙara jiki ba, telan ne ya ci yadin, ko da yake an yi ɗinkin tun kafin haihuwarta ta huɗu. A ƙarƙashin siket akwai wandon makaranta da gwiwa a fashe. A ƙarƙashin wando akwai hijabin 'yarta da ake so a rage wa fuska. A can ƙasan leda, a ninke ƙanƙas, labulen falo ne. Kowanne a bakinta aikin minti biyu ne. Ba ta zo da zif ba, ba ta zo da zare ba, "ai ba za ki rasa ba." Sannan ta duba ɗakin nan kaf, ga kujera ga gefen gado, ta zaɓi tabarmar da na jera yankakkun ƙyallaye tun safe, ja kusa da kore, kore kusa da ruwan goro, ta share su gefe da hannu ɗaya tana cewa, "Bari in kawar miki da sharar nan," ta zauna.

Amma sai goman ƙarshe na azumi ake ganin cikakkiyar baiwarta. Lokacin teloli sun daɗe da rufe karɓar ɗinki, kowane shago injin wuta na ruri har asuba. Sai ga ta da turmin atamfa daga Kwari, takarda ba a ɓare ba, da hoton wata amarya a waya, riga mai hannu hawa uku da duwatsu tun daga wuya har ƙugu. "Irin wannan nake so. Amma kada ta kama ni, kuma kada ta yi mini yawa. Sai ki fitar wa yarinyar nan riga da siket a ciki, da ɗankwali biyu." Duk a yadi shida. In na ce ban iya ba, sai ta yi dariya ta daki cinyata: "Kai Hajiya, ke da kike haɗa ɗari-ɗarin ƙyalle, wannan ne zai gagare ki?"

Ladan aiki addu'a ce, kuma ba ta rowarta. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci, Allah ya raya zuri'a. Wani lokaci yaro ya biyo baya da kwanon ɗanwake, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ta ce a juye a ba ni kwanon, kuma wai labulen ya yi?" Matar nan fa ita ce ke ƙirga wa telan bakin titi kuɗi ba musu, ya yi mata alkawarin Laraba ya ba ta bayan Sallah, ta haƙura. Ni da nake yi mata a banza, ranar karɓa sai ta ɗaga rigar ta karkata kai: "Ba laifi. Da dai telana ne, da ya ɗan fitar da ƙugun." Duk da haka in ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba sai in ji ɗakin ya yi shiru, don ita ce rediyon unguwa, kuma labarinta ya fi na rediyo gishiri.

Yaran aike ba su da wahalar sha'ani. "Wai in ji Mama a ba ta aron allura da baƙin zare." Aron allura a unguwar nan sadaka ce da ba a yi niyya ba.

Goggo kuma mai duba aiki ce. Ba ta kallon fuskar bargo, ko da na kwana ina tsara launukan. Juya shi take yi ta duba bayansa, ta kama ɗinkin da hannu biyu ta ja sai ya yi ƙara, ta taɓe baki. Daga nan ta ɗauki ƙyalle guda, ta ɗan tofa masa yawu, ta murza a farin gefen mayafinta, ta nuna mini shuɗin da ya fito ba tare da ta ce uffan ba. In ta buɗe baki kuwa, zancen ɗaya ne: tun da masaƙun Kaduna suka mutu babu sauran atamfa a ƙasar nan. Tana lissafa su da yatsu, KTL da aka buɗe tun 1957, da Arewa, da UNTL, ta ce zanen da aka yi a can sai mai shi ta gaji da shi ta kyautar, na yanzu kuwa wanki biyu ya zama matatar koko. Abin haushin shi ne gaskiyarta. Saboda ita nake jiƙa kowane ƙyalle a bokiti kafin in yanka, amma ban gaya mata ba.

Akwai kuma Malam Masani, abokin maigida, shi ma ɗan fansho. Ba ya shiga ɗakin, a bakin ƙofa yake tsayawa hannu a baya. Kallo ɗaya ya yi wa bargona ya ce, "To ai wannan lifidi ne. Uwargida, kin san abin da kike yi ke nan?" Ban tambaya ba, amma sai da na ji cewa littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma shi lifidi ba komai ba ne illa auduga a tsakanin yadi biyu da aka bi da ɗinki don kibiya ta rasa hanya, ga 'yan lifida nan har yau a hawan Sallah. Daga Kanajeji ya tsallaka Amurka, ya ce Singer ya yi wa kekensa rajista a 1851, nawa kuma na Sin ne, kwaikwayo ne. Ya yi kusan sa'a guda a tsaye. Da zai tafi sai ya zaro maɓalli daga aljihu ya ce, in ba damuwa, na wuyan kaftaninsa ne.

'Yata ta fari ba ta yarda akwai abin da ake yi don nishaɗi ba. "Mama, kuɗi fa kike zaune a kai." Ita ta nuna mini a waya matan wani ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, baƙar fata jikokin bayi, waɗanda suka gaji haɗa barguna da tsofaffin wandunan gona da buhunan da suka ƙare aiki, don kawai su kare 'ya'yansu daga sanyi. A 2002 aka rataye bargunansu a manyan gidajen baje kolin zane na Houston da New York, a 2006 hotunansu suka hau kan sarki na gidan wayar Amurka. Ni abin da na tsaya kallo shi ne yadda ba su damu layi ya miƙe ba, kuma abin ya yi kyau. Ita kuwa farashi take kallo. Kafin in ankara ta buɗe mini shafi a Instagram, ta raɗa mini sunan kamfani, ta ce in riƙa fitar da uku a mako. Na ce ta je Ƙofar Wambai ta tambayo kuɗin bargon gwanjo, ta dawo ta gaya mini wa zai biya ladan idona da bayana. Shafin na nan. Masu bibiyarsa ita ce da ƙannenta, sai Tunda-Kina-Zaune, wadda ta rubuta a ƙarƙashin hoton farko cewa za ta shigo anjima.

Maigida laifinsa ɗaya ne, almakashi. Mutumin nan ya yi shekaru yana sa hannu a takardun miliyoyi, amma ya kasa gane cewa almakashin yadi na yadi ne. Ya yanka kwali da shi, ya yanka wayar wuta, ya rage gashin baki, rannan na same shi a bayan gida yana gyara reshen lemo. In na yi magana ya ce, "Haba, almakashi ai almakashi ne." Na saya masa nasa, ya ce ba ya ci kamar nawa. Yanzu ɗan kwaɗo nake sa wa hannayen, makullin na ɗaure a bakin zanina, shi kuma yana gaya wa baƙi cewa a gidansa an fi tsaron almakashi a kan mota.

Akwai wata irin mace kuma da ya kamata hukuma ta sa wa ido. Ita ce mai bin shagunan teloli da yamma tana roƙon a tara mata abin da aka share. Ta shiga Kwari sayen zare ta fito da yadi ɗaya-ɗaya kala bakwai, ba ta san me za ta yi da su ba. A gidan biki kowa na kallon amarya, ita tana kallon ankon ƙawaye tana lissafin abin da zai rage bayan an yanka hannu. Gwangwanin biskit ɗinta duk maɓallai ne, jikoki sun daina buɗewa. Ƙarƙashin gadonta jakunkunan Gana-mas-go ne maƙil, ko da za ta yi shekara ɗari tana ɗinki ba za ta ga ƙarshensu ba, amma a ce ta ba da ƙyalle mai faɗin tafin hannu sai ta ce tana da aiki da shi. Na san matar nan sosai. Jiya ma maigida ya tambaye ta yaushe zai sake ganin akwatin takardunsa.

Duk waɗannan na yafe musu tun kafin su fita zaure. Mutum ɗaya ce ban yafe wa ba, kuma 'yar uwa ce ta jini. Ta zo ta ga wani bargo da na fara tun faɗuwar ruwan farko ban gama ba sai da aka yanke gero. A cikinsa akwai guntun zanen goyon da aka goya mu da shi, da atamfar fitar sunan autana, da gefen wani zanen Inna, Allah ya jiƙanta, wanda ita kanta mai roƙon ta sani sarai. Ta rungume shi, ta yi ta "Anti, don Allah, don Annabi," ta ce a gadonta zai kwana, ba wanda zai taɓa. Na ce ba na kyauta ba ne. Ta aiko mijinta, ta sa yayarmu ta kira ni. Kunya ta sa na ninke na ba ta.

Da na je gidanta barkar haihuwa, tun daga ƙofa na hango shi. An lulluɓe janareta da shi a tsakar gida. Gefe ɗaya baƙin mai ya jiƙa shi, ɗaya gefen salansa ta ƙone shi ta yi rami daidai kan zanen Inna, an ɗora bulo a sama don kada iska ta ɗauke. Ta biyo idona ta gani, ko a jikinta. "Wallahi Anti yana da amfani, ruwa ba ya ratsa shi. Ai na ga tsummokara ne, ba sabon yadi ba."

Tsummokara. Da ta yar da shi a bola da ya fi mini sauƙi, don in ce ba ta so ne. Amma ita so take yi, irin son da ake yi wa abin da aka samu a banza. Ba ta taɓa zama ta zura zare a allura idonta na ruwa ba, ba ta taɓa warware layi guda don kusurwa ta ƙi haɗuwa ba, saboda haka a wurinta abin da ba a ciro kuɗi aka saya ba bai ci komai ba. Na yi barka, na ɗauki jariri, na ajiye sabulu da turmin atamfa, na fito ban sha ruwan gidan ba.

Watan jiya ta kira ni, wai 'yarta ta kusa aure, tana so a sa irin wancan guda biyu a kayan ɗaki, amma a yi da launi mai haske. Na ce mata keken ya lalace. Tana jin ƙararsa ta cikin wayar, don ban ɗaga ƙafata ba. Yanzu ana ta yaɗawa a dangi cewa ritaya ta sa ni rowa, har yayarmu ta ce za ta zo mu zauna. Na ce ta zo, amma ta biya ta gidan ta taho mini da abin da ya rage a kan janaretan.