Wane layi ya fi gudu a Tawa?

A fadarmu ta shayi a Tawa, gardamar kokowa ce kawai ta fi ta layin waya zafi. Kamfani huɗu ke takara: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya gaji Orange bayan cinikin 2019, da Niger Telecom, wanda aka haifa a 2016 daga auren Sonitel da Sahelcom. Kowanne na da masu kare shi kamar ɗan kokowar unguwarsu, amma leƙa aljihun mai ihun, za ka tarar da layi biyu, wani lokacin uku. Kishiyoyi ne, ana raba musu kwana.

A cikin gari 4G kan yi abin kirki. Ka nufi ƙauyukan Barmu ko Kalfu, sai awo ya canza. A can ba a tambayar wane kamfani, ana tambayar wane tudu. Na ga wani dattijo bisa dutse, hannu a sama, yana jiran saƙon murya daga ɗansa da ke bida a Abijan. Kafin saƙon ya sauka an sha shayi na uku. Da ya buɗe, yaron cewa yake: "Baba, kana ji na? Rezo ba kyau a nan."