Ana Cewa Ƙungiyarmu Za Ta Tashi

Amurkawa na da wani wasa da suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake yawanci rungumar ƙwallon ake yi da hannu a ruga da ita, ita kanta ƙwallon kuma doguwa ce kamar gwanda. Babbar gasarsu, NFL, ƙungiyoyi 32 ne, babu hawa babu faɗuwa. Ko ƙungiya ta shekara goma tana shan kashi, kujerarta na nan daram. Garin da ke son shiga kuwa, ko dai ya jira a ƙara gurbi, abin da ba a cika yi ba, ko ya je zawarcin ƙungiyar wani gari. A wannan ƙarancin ne jita-jitar ƙaura take samun abinci. Abin da nake son nunawa shi ne, wannan jita-jita ba iska ce ke kwaso ta ba. Tana da mai ita, tana kawo masa riba ko ya tashi ko bai tashi ba, sauran jama'ar da ke yaɗa ta da masu ƙaryata ta kuma gayya suke yi masa a gona, ba tare da an miƙa musu ko furar gayya ba.

Daga 1995 zuwa 2016, Los Angeles, birni na biyu a girma a duk Amurka, ba shi da ƙungiya ko ɗaya a gasar. Mai sauƙin tunani zai ce asara ce ga masu ƙungiyoyi. Ina! A shekarun nan 21 Los Angeles ta zama kamar yarinyar nan ta layin baya, wadda kowane magidanci ke ambaton sunanta a duk ranar da nama ya yi ƙaranci a miya. Ba lallai ya aure ta ba, ambaton kaɗai ya isa a gyara girki. Haka aka yi ta kaɗa wa mutanen Minnesota sunan birnin har majalisar jiharsu ta amince a 2012 a gina wa ƙungiyar Vikings sabon filin wasa, jiha da birnin Minneapolis suka ɗauki nauyin dala miliyan 498 daga aljihun jama'a. Vikings ba ta je ko'ina ba, kuma ba ta da dalilin zuwa, tunda an gyara miyar.

Na farko a jerin mutanen da ke cikin wannan jita-jita ke nan, wato mai ƙungiya, sarkin rantsuwa. Alamarsa ita ce ba ya taɓa furta kalmar ƙaura da bakinsa. Sai dai ya ce yana duba duk hanyoyin da ke gabansa, ya ce zuciyarsa na tare da garin, sannan a gan shi a wani birnin yana auna fili da ido. Stan Kroenke, mai ƙungiyar Rams, wadda a lokacin take birnin St. Louis, haifaffen jihar Missouri ne, kuma a 2010 ya yi alkawarin zai yi iya ƙoƙarinsa ƙungiyar ta zauna a garin. A farkon 2014 sai labari ya fito cewa ya sayi fili eka 60 a Inglewood, gefen Los Angeles. Da aka tambaya, bayanin da aka samu shi ne ai mutumin ɗan kasuwar filaye ne, kullum cikin saye yake. Gaskiya ne, ɗan kasuwar filaye ne. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 12 ga Janairun 2016 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, 30 suka amince 2 suka ƙi, Rams ta tattara nata ya nata. Kada a yi mamakin rinjayen, domin wanda zai tashi yakan biya kuɗin ƙaura na ɗaruruwan miliyoyi, kuma abokansa masu ƙuri'ar ne ke rabawa. Kakan wannan zuriya shi ne Robert Irsay, mai ƙungiyar Baltimore Colts, wanda ya tsaya gaban 'yan jarida a farkon 1984 yana faɗa a kan masu cewa zai tashi. Da ya ga majalisar jihar Maryland na shirin ba birnin ikon ƙwace ƙungiyar, sai manyan motocin kamfanin Mayflower suka kwashe komai cikin daren 28 ga Maris. Gari ya waye, ƙungiya na hanyar Indianapolis.

A ƙarƙashin sarkin rantsuwa akwai hadimai biyu da ba su san suna yi masa hidima ba, kuma ba sa ga maciji da juna. Ɗaya shi ne mai majiya mai tushe. Shi kullum yana da wani ƙanen matar abokinsa da ke aikin share filin jirgi, wanda ya ga wani mai kwat ya sauka da jaka. Idan ka ce masa mai kwat da jaka ai sun fi dubu a filin jirgi, sai ya rage murya, ya duba hagu da dama, ya ce kai dai ka jira. Ba ya taɓa faɗuwa jarrabawa: in an tashi, ai ya faɗa, in ba a tashi ba, tona asirin da ya yi ne ya hana. Ɗayan kuma shi ne mai cewa duk ƙanzon kurege ne. Hujjarsa ɗaya ce tak, wai kakansa ma a filin nan ya kalli wasa, kamar dai kabarin kaka na cikin takardar hayar filin. Na farkon yana hura wutar tsoron da mai ƙungiya ke buƙata don a buɗe masa baitulmali. Na biyun yana kwantar wa masu sayen tikiti hankali, don kada su daina biya kafin a gama ɗaure kaya. Da mai ƙungiya zai ɗauki ma'aikata biyu a kan albashi, da wuya su yi masa aikin da ya kai na waɗannan.

Sai mai makoki tun kafin rai ya fita. Shi daga jin labarin ya ƙona rigar ƙungiya, rigar da ya riga ya biya kuɗinta, ya yi rantsuwa ba zai sake taka filin ba. Fushinsa na kan hanya, sai dai kujerar da ya bari ita ce shaidar da za a ɗauki hotonta a kai wa sauran masu ƙungiyoyi, a ce ku duba, garin nan ba ya son wasa. A nan akwai ƙorafin da ya cancanci amsa, domin masu kare Kroenke sun yi ta nuna cewa 'yan kallo sun ragu a St. Louis, kuma sun ragu ɗin. Abin da ba su cika ambata ba shi ne, daga 2007 zuwa 2011 Rams ta buga wasa 80, ta ci 15, aka lallasa ta a 65. Mai tuwon da ya shekara biyar yana zuba wa mutane ƙanzo, in ya ga rumfarsa ta yi fayau, bai kamata ya ce mutanen unguwa ne ba sa jin yunwa ba. Waɗannan mutanen ne dai suka cika filin lokacin da ƙungiyar ke tashe, har ta ɗauki kofin gasar, wato Super Bowl, a Janairun 2000.

Ɗan siyasa shi ne abin tausayi, in har ana tausayin ɗan siyasa. Gaba kura, baya sayaki: in ya ba da kuɗi a ce ya kwashe na makarantu ya miƙa wa attajiri, in ya hana a rubuta sunansa a matsayin magajin garin da ƙungiya ta gudu a hannunsa. Sai ya kafa kwamiti. Kwamitin ya ɗauko masu zane, a fito da hoton wani fili a bakin kogi, fitilu na walƙiya, mutanen cikin hoton duk suna murmushi. St. Louis ta yi haka, ta kashe miliyoyin daloli wajen tsara filin da kuɗin gininsa zai haura dala biliyan 1, ga mutumin da tuni ya gama auna labulen sabon gidansa.

Babban ƙorafin da ake yi wa irin wannan magana tawa shi ne, ai ƙungiya dukiyar mai ita ce, kuma ɗan kasuwa yana da 'yancin kai shagonsa inda ciniki yake. Wannan magana tana da ƙarfi, lissafin ma yana bayanta: yankin St. Louis bai kai mutum miliyan 3 ba, na Los Angeles ya kai wajen miliyan 13, kuma a ƙiyasin mujallar Forbes darajar Rams ta tashi daga dala biliyan 1.45 a 2015 zuwa biliyan 2.9 a 2016, ba tare da 'yan wasan sun ƙara iya komai ba. Da da kuɗinsa ya gina shagon farko, da sai a yi masa fatan sauka lafiya. Amma rufaffen filin da Rams ta shiga a 1995 da kuɗin jama'a aka gina shi, wajen dala miliyan 280, aka kuma rattaba hannu a kan wani sharaɗi mai ban mamaki, cewa dole filin ya ci gaba da zama cikin kashi ɗaya bisa huɗu na mafiya kyau a gasar, in ba haka ba ƙungiya na da damar warware haya. Wato mai gida ya yi wa ɗan haya alkawarin duk lokacin da maƙwabci ya sake fenti shi ma zai sake. Ƙungiya ta tafi, jama'a suka ci gaba da biyan bashin ginin shekaru bayan tafiyarta. Ranar neman gini ana kiran ƙungiyar tamu ce duka, gadon gari, alfaharin 'ya'ya da jikoki. Ranar tashi kuma sai ta koma shagon mutum ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Birnin St. Louis ya kai ƙara a 2017, kuma a Nuwamban 2021 aka sasanta a kan dala miliyan 790. Ba a saba ganin mai gaskiya tsantsa ya biya irin wannan don a rufe magana ba. A gefe guda akwai masanin tattalin arziki, wanda ya daɗe yana nuna cewa filayen nan ba sa mayar wa gari abin da aka zuba musu, tunda kuɗin da iyali suka kashe a wasa da ma a cikin garin za su kashe shi. Yana da gaskiya, shi ya sa ba a gayyatarsa bikin aza harsashi.

Wani kuma zai ce, to ai jita-jitar takan zama gaskiya, ta yaya za a kira ta dabara? Ai zamanta gaskiya jefi-jefi shi ne ke ba ta kaifi. Magidancin da bai taɓa ganin an yi wa wata kishiya a unguwa ba, barazanarsa ba ta da tasiri. Kowane tashi guda yana tsorata garuruwa goma. Wannan ne ya kawo mu ga mutumin da ya fi ba ni dariya, wato ɓarawon da aka yi wa sata. Shi ne ke kuka a St. Louis cewa ba a taɓa cin amana irin wannan ba, ya manta cewa a 1995 shi ne ya fito da ganguna tarbar wannan Rams ɗin da aka ɗauko daga Los Angeles, ita kuma Los Angeles daga Cleveland ta samo ta a 1946. Baltimore, da ta shekara goma sha biyu tana la'antar motocin dare, ita ce ta shimfiɗa wa Art Modell tabarma da ya kwaso ƙungiyarsa daga Cleveland, aka raɗa mata suna Ravens a 1996. Kowa yana ƙin satar ƙungiya har ranar da aka sato masa.

Mutumin babban birni, wato Los Angeles, ba shi da dogon bayani, domin bai ma san ana yi ba. Yana da teku, yana da ƙungiyoyin wasa irin su Lakers da Dodgers, yana da cunkoson motoci da ke cinye masa yini. Da masu zaɓe a San Diego suka ƙi amincewa da kuɗin sabon fili a Nuwamban 2016, ƙungiyar garin, Chargers, ta tashi zuwa Los Angeles a 2017, ta sauka a wani ƙaramin fili a Carson mai ɗaukar mutum wajen 27,000, inda sau da yawa magoya bayan baƙi suka riƙa rinjayar na gida. Amarya ta iso, dangin ango suna kasuwa.

Saura masu taurin kai, kuma su kaɗai ne ba na iya yi wa dariya har ƙarshe. Ƙungiyar makaɗa ta Baltimore Colts ta ƙi watsewa bayan daren 1984. An yi sa'a kayan sawarsu na wajen mai wanki lokacin da motoci suka zo, suka ci gaba da busa da kiɗa a bukukuwa da filayen wasu har shekara goma sha biyu, makaɗan sarkin da babu shi. A birnin Columbus na jihar Ohio kuwa, inda maganar ta shafi ƙwallon ƙafa irin wadda muka sani, Anthony Precourt, mai ƙungiyar Crew a lokacin, ya bayyana a Oktoban 2017 cewa yana neman kai ta birnin Austin. Magoya baya ba su ƙona riga ba. Sun yi gangami, aka kuma tono wata doka da jihar ta kafa a 1996 saboda haushin Modell, wadda ta ce ƙungiyar da ke amfana da filin da jama'a suka tallafa dole ta ba da sanarwar wata shida, ta kuma ba 'yan gari damar saye. Jiha da birni suka shigar da ƙara a Maris 2018, kafin shekara ta ƙare an sami masu saye, iyalan Haslam da Edwards, kuma Crew ta ɗauki kofin tata gasar a 2020 tana gida. Sai dai a duba yadda rabon ya kasance. Columbus ta riƙe ƙungiyarta, amma sai da aka gina sabon fili, wanda aka buɗe a 2021, da gudummawar kuɗin jama'a a cikin aikin. Shi kuwa Precourt, a wannan shekarar ta 2021 ce sabuwar ƙungiyar da gasar ta ba shi ta fara buga wasa, a Austin.