Raƙumin Dawa a Walimar Sauka

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji, ta ratsa Maraɗi da Cadawa da Agye har ta kai Gazawa, ya san cewa Allah Ya hore wa ƙasar nan tamu mai rairayi albarkar aya, wadda har fatake daga Nijeriya suke zuwa saye buhu-buhu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da uwargidana ta shahara da kunun aya, ni kuwa, da yake na ɗan taɓa karatu, na ga bai dace sana'a mai daraja irin wannan ta dawwama cikin ƙullin leda, ba suna ba laƙabi.

Kwalaben da na samo da araha wurin dillali, sai da aka sauke su a zaure na lura na giya ne, irin wadda ake kira Bière Niger, kowace da hoton raƙumin dawa a jikinta. Ban firgita ba, domin mas'alar a fili take a littafin Muhtasar: tukunyar ƙasa ce ke tsotse najasa har wanki ya kasa ta, gilashi kuwa ba ya shan komai. Aka wanke cikinsu da toka da ruwan zafi. Uwargida ta ce, "Malam, a jiƙa su kwana guda takardar ta saki mana." Na amsa mata da cewa abin da za a rufe da sabuwar takarda ba ya bukatar ɓarnar ruwa, alhali rijiya tana da nisa.

Na ɗora ma'auni a gindin kwalba, na sami santimita 8, na rubuta, na hau mota zuwa Maraɗi wurin wani yaro mai kwamfuta don ya buga mini takardar suna. Yaron ya ce, "Baba, faɗi ne wannan ko kewaye?" Na ce masa tun ba a haife shi ba nake awo. Ya yi shiru irin na marasa tarbiyya, ya buga, ya karɓi jika biyu. Ashe kewayen abu mai da'ira ya ninka faɗinsa sau uku da ɗoriya, wato wajen santimita 25, har ita kanta takardar A4, mai faɗin santimita 21, sai an kwantar da ita take zagayewa; kuma har gobe ina ganin haƙƙin yaron ne ya yi mini jayayya, ba ya bar dattijo da ijtihadinsa ba.

Muka dama ƙaro muka manna. Takardar ta rufe cikin dabbar sarai, amma wuyan nan da Allah Ya tsawaita ya leƙo ta sama, ƙafafu suka zuro ta ƙasa, sunan uwargida kuwa ya zauna daram a tsakiya kamar sirdi. Na ce da nisa ba a gani. Muka toshe bakunan da totuwar masara, muka jera cikin ƙanƙara, muka nufi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan maƙwabcinmu, inda malamai suka cika rumfa.

Tawadar injin yaron ba ta jure raɓa, ƙaro ma haka. Kafin a shafa fatiha harufa sun narke sun zama shuɗin ruwa, takardu sun sulale sun taru a gindin roba, aka miƙa wa liman kwalba tsirara, raƙumi tsaye cikakke, farin abu na kumfa a ciki domin zafi ya fara tsamar da kunun. Totuwar ta yi tsalle da ƙara, ta faɗa cikin rawanin na'ibi.

Liman ya juya kwalbar a hankali, ya dube ta, ya dube ni. Na matso na fara kawo hujjar gilashi da tukunyar ƙasa, har da babi.

Ya ce, "Malam, wannan karatun mu muka biya maka shi. A kawo mini nawa a ƙwarya, kuma a bayan rumfa."